Yadda Labarina Ya Riga Ni Isa Riruwai

Bebeji

Ana sallame sallar asuba Baba ya ɗauki jakata ya yi gaba, ni kuma na biyo shi da hular kwano a hannu, don ta ƙi shiga jakar. Zamanin soja ne, ina shekarar ƙarshe a kwalejin fasaha, ina koyon yadda ake kare rayukan masu haƙar ma'adinai da yadda ake hana haƙar ta ɓata ƙasa da ruwa. Malaminmu ya ce duk wanda hutun damina ya ƙare bai shiga rami na gaske ya auna ya rubuto abin da ya gani ba, to ya shirya maimaita shekara. Mako guda ya rage mini. Shi ya sa na nufi Riruwai, inda ake haƙar kuza tun kafin a haifi kakana.

Na sha yi wa Baba bayanin karatun nan, shi kuwa manomin dawa ne, ba ya son magana mai rassa. Da na ce masa tsaron lafiyar masu haƙa, sai ya riƙe kalmar farko ya zubar da sauran. A tasha ya damƙa ni a hannun Malam Tanko, wani mai Fijo da ke jigila har Doguwa, ya ce, "Ga ɗana nan, tsaro yake karanta. Riruwai za shi aiki."

Malam Tanko ya dubi hular, ya dubi manyan takalmana, sai ya sauke wani mai kaji daga gidan gaba ya ce in shiga.

Kwanar Ɗangora

Kafin mu bar gari fasinjoji sun ɗauko zancen tsadar taki, kowa yana yankan gwamnati. Malam Tanko ya yi gyaran murya, ya ɗauki hulata ya ɗora a gaban gilashi. Nan take mai kaji ya tuna cewa ai gwamnatin nan tana iyakar ƙoƙarinta, mu ne ba mu da godiya.

Wajen ƙarfe bakwai muka iso shingen Kwanar Ɗangora, inda hanyarmu ke rabuwa da ta Zariya. Motoci sun yi layi ana buɗe musu but. Malam Tanko ya leƙa ya nuna hular da haɓa, ɗan sandan ya ja katakon ƙusoshi ya ɗaga mana hannu. Da muka tsaya shan koko da ƙosai sai na ja shi gefe na ce masa ni fa ɗalibi ne kawai, tsaron da nake karantawa na rami ne, kada ya rufta da mutane.

"Haka ne, yallaɓai," in ji shi. "Ai dama ku ba kwa faɗa."

Na ciro katin makaranta na nuna masa. Ya juya shi gaba da baya, ya yaba yadda aka buga shi kamar na gaske.

Tudun Wada

A nan na sauka, don Gwaggo Hajara, yayar Baba, a nan take aure, kuma wanda ya wuce ƙofar gidanta bai shiga ba ya sayi magana har Babbar Sallah. Niyyata in gaishe ta in kama motar azahar. Ita kuwa ta riga ta ɗora tukunya. Tuwon shinkafa ta yi mini da miyar taushe, ta ɗora da rake, ta ce na rame, boko yana shan jinina. Da na ɗauki jaka sai ta tambaye ni ko ƙaya aka shimfiɗa a gidanta. Dole na kwana.

Kwanan bai tafi a banza ba. Mijinta ya ce in na isa Riruwai in nemi abokinsa Malam Garba, ba ramin da bai sani ba a garin. Abin da ban lissafa ba shi ne Malam Tanko ya wuce Doguwa tun da hantsi, kuma bakinsa ya fi motarsa gudu.

Falgore zuwa Doguwa

Washegari na shiga bas muka keta dajin Falgore. Damina ta yi masa kyau, ko'ina kore shar, ciyawa ta fi motar tsayi. Birai sun zauna a tsakiyar kwalta ba su da niyyar tashi, sai da direba ya yi ta oda. A bakin dajin muka tarar da matan Fulani da ƙorensu, na sha kindirmon da har yau ban sake samun irinsa ba.

Ina sauka a tashar Doguwa ɗan kamasho ya taro ni da murna, ya ce tun jiya suke zuba ido. Ya rage murya ya tambaye ni ko gaskiya ne motar soja biyu na biye da ni. Na rantse masa ni kaɗai ne. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, shi bai ji komai ba bai ga komai ba. Ya sa ni a akori-kura tare da buhunan gishiri, muka hau hanyar duwatsu, hanjina yana haɗuwa da haƙarƙarina.

Riruwai

Gari ne mai sanyi a gindin tsaunuka. Tun da kamfani ya rufe babban raminsa, mutane suka koma haƙar kansu a gefen rafi, ba takarda ba izini, don haka ba sa ƙaunar ganin mai hular hukuma. Malam Garba dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa. Ya ji sunan mijin gwaggona, ya yamutsa fuska kamar mai haɗiye maɗaci, sannan ya sa aka share mini ɗakin zaure. Baƙon aboki ba a kora, ko da shi ne zai ɗaure ka.

Da na kawo maganar kuza sai ya yi dogon tunani, ya ce kamar ya taɓa jin iyayensu suna ambatonta. Yana faɗar haka ina kallon tafin hannunsa duk kanta, jar ƙasa ta cika farcensa. A ƙofar gida kuma ga ƙarti shida, har da ɗansa Sani, sun zauna ƙarƙashin mangwaro suna dara da rana tsaka, a tsakiyar damina. Aka ce mini manoma ne suna hutawa.

Kwana biyu Malam Garba yana yawo da ni. Ya nuna mini gonar masara, ya nuna mini ta dankali, ya kai ni inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ya gabatar da ni ga wanzami. Duk hanyar da ta karkata wajen rafi sai ya ce akwai macizai. Abinci kuwa ba a magana, har zabo aka yanka mini. Ni dariya na cina, amma raina a jagule yake. Hutu yana ƙarewa, ban ga ko ramin gyare ba, ga mutum shida sun bar neman abincinsu saboda ni.

Ran na uku aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen hantsi ya ɗauke. Muna zaune a zaure sai muka ji wani irin ƙugi daga wajen rafi, ƙasa ta ɗan motsa a ƙarƙashin tabarma. Malam Garba ya miƙe ko takalmi bai sa ba, ya bi hanyar macizan nan da gudu, ni da masu dara muka rufa masa baya.

Ramin kuzarsu ne ya rufta. Inda bakinsa yake sai wani kwari cike da jan taɓo, kan igiya kaɗai ke leƙowa. Malam Garba ya tsaya yana haki, ya fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kowa yana amsawa a bayansa. Da ya gama sai ya sake farawa daga farko. Da ya zo kan Sani a karo na biyu sai ya jawo shi ya rungume, don ranar shi ne ke da shiga ƙasa. Ni ma sai da na share ido.

Ban san lokacin da na durƙusa cikin taɓon ba. Na nuna musu tsagar da ta biyo gefe, da tarin ƙasar da suke jibgewa dab da baki tana danne bango, da magudanar wankin kuza da suka ja kusa da rami har ruwa ya jiƙa shi ta ciki. Na ce su ja tarin baya, su kauce da ruwan, su tokare bango da azara, dagwalon wankin kuma su yi masa kududdufi ya kwanta kafin ya shiga rafin da shanu ke sha.

Malam Garba ya daɗe yana kallon wandona. Sannan ya ce, "Samari, ɗan sanda ba ya yi wa kakinsa haka. Wai kai da gaske ɗan makaranta ne?"

Aka kwashe da dariya, irin wadda ake yi bayan an tsorata. Sai da ƙasa ta sha iska, washegari da yamma, Malam Garba ya kai ni wani raminsu da ke cikin dutse. Na duba bangon na gamsu, na sa hulata, na kama igiya. Sani ya riƙe mini ita daga sama na sauka. Na auna, na zana, na fito da abin da ya kawo ni.

Komowa

Na taso da asuba da ƙullin dankali da Malam Garba ya tilasta mini. A Tudun Wada na sunkuyar da kai har muka wuce unguwar Gwaggo, Allah ya yafe mini. La'asar sakaliya ta yi mini a Bebeji. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Gwaggo da mijinta, da Malam Garba da ya ciyar da mutumin da yake zaton ya zo kama shi. Malam Tanko ma na gode masa, ko da yake bai san me ya yi ba.

Bayan magariba na ba Baba labari tun daga tushe, na roƙe shi don Allah ya daina gaya wa mutane tsaro nake karanta. Yana jan carbi ya tambaye ni:

"Mutum nawa ka ce suke shiga ramin?"

Na ce shida.

"Nawa ya rufta da su?"

Na ce ko ɗaya.

"To ni ban ga abin da zan gyara a maganata ba," in ji Baba.