Ranar da Muka Fid da Monper ta Katanga

Ran Juma'a ce, don haka wake na ɗora. Limaman Katolika da nake yi wa girki a misiyon ba sa cin nama ran Juma'a. Su uku ne a gidan, monper muke ce musu. Tsohonsu shi ne Monper Matiyas, Bature, wanda ya zo Damagaram tun ina goye.

Ya leƙo madafa bayan addu'arsu ta safe.

"Isufu, yau ma tsakuwa za ka ba mu?"

"Haƙora ne babu, Monper, wakena ba shi da laifi."

Ya yi dariya har da tari, ya ɗauki kekensa ya nufi gidan kaso gaida fursunoni. Keken ma ba nasa ba ne, na gida ne. A ƙungiyarsu alkawari uku suke ɗauka: ba aure, ba dukiyar kai, kuma inda babba ya ce ka tafi, sai tafiya. Kiristocinsa kaɗan ne, yawanci teloli da makanikai daga kudu. Sauran lokacinsa yana ƙauyukan Droum wajen gyaran rijiyoyi. Ni Musulmi ne. Bai taɓa ce mini komai a kan sallata ba, sai dai in na shagala ya ce azahar ta yi.

A satin nan gari ya ɗau zafi saboda wani zane da aka yi a Turai, aka taɓa mutuncin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ni ma raina ya ɓaci. Monper ma ya ce rashin kunya ne.

Ana sallame Juma'a na dawo da sassarfa. Hayaƙin taya ya riga ya tashi wajen kasuwa. Da farko hayaniyar kamar ta ranar cin kasuwa ce. Sai ta matso. Sai dutse na farko ya faɗo kan kwanon majami'a.

Matan Kiristoci da yaransu sun cika tsakar gida, nan suka gudo. Monper Pol, ƙaraminsu, ya kawo mota ƙofar baya yana ihu: "Ku shiga! Yara tukuna!" Aka cusa kowa. Tsoho ne babu, ga kuwa kekensa a jingine. Na ruga nemansa.

A majami'a na same shi, a durƙushe a gaba. Ya buɗe wani ɗan akwatin ƙarfe da ke jikin bango, ya fito da kofi. A ciki akwai farin gurasar nan tasu, siririya kamar takarda. A wurinsu, in an yi addu'a a kanta ta zama jikin Almasihu, ba a barin ta a taka ko ta ƙone. In babu halin ɗauka, sai liman ya cinye. Ita yake ci, ɗai-ɗai, bakinsa a bushe. Kofin cike yake.

"Monper, tashi!"

Bai waiwayo ba. Na ce ya zuba mini a aljihu mu tafi. Ya ce in an kama mu a hanya fa? Na ce to ya ba ni in taya shi ci.

"Ba naka ba ne, Isufu. Kawo ruwa."

Na kawo. Hon ɗin mota ya yi ta kuka, ya yi ta kuka, sannan ya daina, mota ta tafi. Ban ga laifin Monper Pol ba. An ɓalle babbar ƙofa, ga yara a mota.

Da ya haɗiye ta ƙarshe, warin esansi, man mota, ya riga ya shigo. Muka fita ta ƙaramar ƙofa. A bayanmu ana farfasa benci, gilashi na zuba. Ba sauran hanya sai katangar baya. Na kifa tano, gangar ruwanmu, na ɗora shi a kai, na tura shi sama. Na ce ya jira in hau in riƙe shi. Ƙafarsa ta zame. Na ji faɗuwarsa a ɗaya gefen, da wata ƙara kamar an karya busasshen kara. Bai yi ihu ba.

Na haura na dira. Gidan Hajiya Falmata ne, maƙwabciyarmu, Babarbariya mai sayar da turaren wuta. Ta dube shi a ƙasa, ta dube ni.

"Me kake kallo? Ɗauko shi ɗaka!"

Ba a jima ba aka fara dukan ƙyauren zaure. Ta fita ita kaɗai da carbinta. Daga ɗaka ina jin muryarta: "Kai, ba ɗan Zara ba ne? Ni na yi wa uwarka wankan jego! Ku ɓace mini daga ƙofa!" Ƙafafu suka yi gaba.

Bayan la'asar ta ciro rigar marigayi mijinta daga adaka, muka sa masa, muka naɗe fuskarsa da rawani. Ta aro amalanken jaki. Na shimfiɗa shi kamar mara lafiya za a kai likita, na ja jakin ta lungu-lungu. Muka wuce lakkwal, makarantar misiyon, tana ci da wuta. Duk ramin da muka faɗa sai in ji numfashinsa ya tsaya. Kafin magariba muka isa barikin soja, inda sauran suke.

Mun kwana da yawa a nan, ƙarƙashin itatuwa. Yana kwance a tabarma, mutanensa na zuwa ɗai-ɗai su durƙusa su yi masa raɗa, ya ɗora musu hannu a ka. Likitan soja ya ce ƙugu ne ya karye, kuma a shekarunsa ba a nan za a gyara ba.

Babbansu ya kira daga Yamai. Ni na riƙe masa salula a kunne. Faransancina kaɗan ne, amma na san muryar mai roƙo. Ya daɗe yana magana. Sannan ya daɗe yana saurare. Daga ƙarshe ya ce to.

"An ce in tafi, Isufu."

"Ka ce ba ka zuwa mana."

"Na yi alkawari tun ba a haife ka ba."

Da hantsi aka sa shi a motar soja, suka kama hanyar Takieta mai zuwa Yamai. Daga Yamai jirgi ya kai shi ƙasarsu, wani gida da ake ajiye tsofaffin monper.

Da gari ya lafa, sauran biyun suka dawo, muka kwashe toka. An sake rufi, an sayo benci. Waɗanda suka shiga motar nan duk sun dawo da ƙafafunsu.

Bayan damina biyu Monper Pol ya same ni a madafa ya ce tsoho ya rasu. Ya ce a kwanakinsa na ƙarshe yarensu ya gudu masa, Hausa kaɗai ta rage a bakinsa. Ya yi ta magana, wai, har da dariya. Na tambaya me ya ce. Monper Pol bai sani ba. Ba wanda ya sani. A duk gidan tsofaffin nan babu mai jin Hausa.