Gangar da ta lotse a bakin ruwa

Shekarar da aka datse Kwara a Kainji, ina sabon malamin firamare a Yelwa, kaina cike da karatu, ina jin babu abin da ban sani ba. Gidanmu yana wani tsibiri ta wajen Ngaski. An ce kowa ya tashi ya koma sababbin gidaje a tudu, domin ruwa zai shanye wurin. Kowa ya tashi, ban da Inna, mahaifiyata. Kullum da uzurinta: yau ƙafa, gobe tukwane ba su bushe ba. Ruwa kuwa har ya ci lambun albasa.

Na ɗauki hutu na zo ɗaukarta. Jiragen ruwa duk suna kan jigilar mutane, don haka na samo gangunan man mota guda huɗu, da niyyar a ɗaure su, a shimfiɗa katako, a ɗora hatsin rumbunta. Ɗaya tana yoyo a gindi. Kawuna, ƙanen Inna, masunci ne. Ya ɗauraye ta, ya ɗora ta a wuta, ya liƙe ɓular da kwalta, ya ce a bar ta ta huce. Ni kuma gaggawa nake yi. Na murɗe murfin tam tana turiri, na sa aka gangara da ita cikin ruwa.

Ba ta jima ba muka ji ƙara kamar bindiga. Ganga ta lotse, ta shige cikin kanta, alhali babu wanda ya taɓa ta. Inna ta dubi ruwan ta ce, "To, kun gani. Mutanen ruwa ba su yarda in tahi ba." Ta koma ɗaki ta kwance ƙullin kayanta.

Kunya ta kama ni, haushi kuma ya fi kunyar. Ban daɗe da koya wa yara wannan darasi ba. Iska in ta yi zafi buɗewa take yi, ta nemi wuri, da yawa ta fice tare da turiri. In ka toshe baki a lokacin, sannan sanyi ya zo, 'yar wadda ta rage sai ta tsuke, turirin ya koma ruwa. Iskar waje da ke danne da komai ba ta sami mai ture ta daga ciki ba, sai ta murƙushe ƙarfen. Na san wannan sarai, kuma da hannuna na murɗe murfin.

Washegari da hantsi na ɗauko galan na kananzir, na wanke shi, na zuba ɗan ruwa, na ɗora a murhunta. Na kira ta, na kira Kawu. Da ya tafasa na sauke, na rufe, na sheƙa masa ruwan randa. Nan take ya lanƙwashe yana ƙara. Na ce, "Inna, nan ba kogi, ba mutanen ruwa. Zafi ne da sanyi kawai." Har da murmushina, irin na wanda ya ci gardama.

Ta daɗe tana kallon galan ɗin. Sannan ta ce, "Malam, ka iya karatu. Kana tsammani ban san kai ka rufe ta da zahi ba? Ina tsaye." Ta nuna kaburburan da ke bayan gida da haɓa. "Ubanka na can, da ƙannenka ukku. Su ba a yi musu gida ga tudu ba. Kwana kaɗan nika nema, na samu abin da zan hwaɗa ma mutane, kai kuma ka zo ka amshe."

Kawu ya sunkuyar da kai. Na yi shekaru ina koyar da wannan darasi bayan haka, kuma gaskiya ne, ban taɓa shakkarsa ba. Amma har yau ina jin zafin yadda na yi sauri wajen nuna gaskiyata, ban tsaya na tambayi abin da ke riƙe da ita ba.

Da la'asar ta ɗaure kayanta da kanta. Ta shiga jirgin Kawu ta zauna tana fuskantar baya, kuma har muka isa tudu ba ta juyo ba.