Yanka na Bakwai

A ɗakin gwaje-gwajen asibitin, Anti Reza ake kiranta. Shekara ashirin da shida aikinta ɗaya: a kawo tsokar da aka ciro a tiyata, ta daskarar da ita cikin kaki irin na kyandir, ta yanka ta siriri kamar ɓawon albasa, ta shimfiɗa a gilashi, likita ya duba a madubin da ke ƙara girman ƙwayoyin cuta. Abokan aikinta yanka uku suke yi su miƙe. Ita kuwa in ta hango farin zaren jijiya a cikin kakin, sai ta kai bakwai. Ana tsokanarta wai ita ke cinye rezar asibiti, ko a jikinta. Ta san halin kansar fata: in ta samu jijiya, bin ta take yi ta shige ciki, ta bar mutane suna murnar waje ya warke.

Ƙaninta zabiya ne, tela. Ita ta goya shi, ita ta riƙa bin sa da hula da lema tun yana rarrafe. Da gyambon gefen kunnensa ya ƙi warkewa aka yanke shi, tsokar ta iso teburinta da lamba kawai. Ta gane lambar.

Likita ya duba yanka ukun farko ya ce gefen tsokar tas yake. Wallahi ta so ta tsaya a nan, don tsoro ya kama ta. Sai dai ranar da ta je duba ƙanin nata ya ce mata, "Yaya, kuncin nan kamar tururuwa ke yawo a ciki." Ta sa sabuwar reza ta ci gaba.

A kan na bakwai likita ya matsa mata kujera ta duba da kanta. Ƙwayoyin cutar sun zagaye jijiyar kamar zobe.

Da aka tashi aiki ta sami ƙanin nata a shago yana taka keke.

"Yaya, an cire duka ko?"

"Na waje ya fita. Saura na jijiya. Za a sake aiki, a gasa wurin da na'ura."

"Ke kika tono, ko?"

"Ni ce."

Ya yi 'yar dariya. "Ke dai ba kya barin mutum ya huta."

Ta gyara masa hula kamar da, ta bar tafinta a kuncinsa. Ya ci gaba da ɗinki, bai ma san hannunta na wurin ba, kuncin ya daina ji.