Ni Na Ce Ka Cire Takalma, Zamani

Ranar Asabar, 12 ga Yuni, 1976, da la'asar, Zamani Luke ya rasu a cikin majami'armu a Kafanchan, da jita a rataye a wuyansa. Shekarunsa ashirin da shida. Ni, Andrawus, malamin mawaƙa, ina tsaye kusa da shi.

Zamani, kai ne ka ji ina kukan ogan ɗinmu, akwatin kiɗan majami'a, da gara ta cinye, ga bikin ƙanwarka Bernice ya matso. Ka ari faifan garmahona na kiɗan nan da wani Bajamushe ya tsara fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, wanda amare ke shigowa da shi. Wata uku kana juya shi har allura ta mutu, kana kwashe muryar ogan kana ɗora wa jitar lantarki. Ran da ka kaɗa mini, ka sa wayoyin suna kuka suna ruri, tsigar jikina ta tashi. Na ce, "Kai, ɗan nan, za ka ja mana magana!" Ka yi dariya.

Dattawa suka ce kayan gidan giya ba ya shiga gidan Allah. Ni na roƙe su. Don in sanyaya musu zuciya, ranar Asabar ɗin nan na ce maka, "Cire waɗannan takalman naka masu tudun roba, wuri mai tsarki ne." Ka cire ba musu. Zumuntar mata sun gama wanke siminti ke nan, bai bushe ba. Aka ta da injin wuta, ka taɓa wayar jita, lantarki ya kama ka.

Yanzu daga kasuwa har tashar jirgi ana cewa hukunci ne ya sauka a kanka. Na ji, na yi shiru kwana tara, don tsoro ya kama ni: tsoron dattawa, tsoron idon mahaifiyarka, tsoron ranar da za a tambaye ni. Zamani, ba ka yi saɓo ba. Biyayya ka yi mini.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya karɓe ka cikin mawaƙansa. Ya ta'azantar da Bernice da dukan dangi. Mama Afiniki, ki ɗaga kanki a cikin mata, ɗanki ba la'ananne ba ne. Gobe bayan sujada zan zo in durƙusa a ƙofarki. Ban san abin da za ki ce mini ba.