Bugun Bangon Maƙwabci

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, wannan da idona na gan shi.

Wankan jego ya kai ni Danau Kota, wata unguwa a ƙasar waje inda ɗana ke karatu, surukata ta haihu. Ban kwana goma ba aka rufe gari, aka ce ciwo na yawo a iska. Muna hawa na sha huɗu, ba shiga ba fita.

Kullum da hantsi sai bangon ɗakina ya ɗauki bugu: dum, shiru, dum. Na tofe kusurwa huɗu da addu'a, na janye shimfiɗar jaririya daga jikinsa. Da na faɗa wa surukata sai ta yi dariya. "Inna, ba aljani ba ne, tsohon nan maƙwabcinmu ne ke jifa da ƙwallo."

Mutumin Taiwan ne, shi kaɗai yake zaune. Ta baranda muka saba, surukata na mana tafinta. Ya ce yana cikin na farko da aka ɗauka aikin wasan besbol a ƙasarsu, wanda ake dukan ƙwallo da kulki. Shi can ƙarshen fili ake tsayar da shi da safar fata a hannu, ido a sama, yana jiran abin da zai faɗo. Na ce, "Ashe korar tsuntsu kake a gona." Shekara bakwai ya yi, kafaɗa ta ƙi, aka sallame shi.

Ran wata Talata bango ya yi shiru. Laraba ma haka. In na kasa kunne sai tari nake ji, kamar daga cikin rijiya. Ɗana ya ce, "Inna, kada ki kusanci ƙofar nan, akwai jaririya." Gaskiya ya faɗa. In aka sami ciwon a hawanmu, ba mu san wa za a kwashe ba. Na zauna ina jan carbi. Ran Alhamis tarin ma ya ɗauke.

Na ce, "Kai, kira motar asibiti, ko in je in buga ƙofar da kaina." Ya kira. Suka zo cikin fararen ledoji, ba a ganin fuskarsu, suka ɓalle ƙofa. Da sauran numfashi suka fito da shi. Mu kuma aka zura mana tsinke a hanci, aka kulle mu mako biyu, ina ta taɓa goshin jaririya har ta gaji da ni.

Tsohon ya tashi, da aka buɗe hanya 'yarsa ta zo ta tafi da shi. Surukata ta kamu, ta kwanta kwana tara, Allah ya ɗaga ta. Ɗana ya gama karatunsa. Jaririya ko mura ba ta yi ba, ga ta can tana amsa mini da Turanci. Ni kuwa jirgin farko na biyo zuwa gida.