Ranar da Baba Inusa Ya Zo Ganin Dodonsa

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin shagon gem, wato wasan talabijin, a garin Bawku na ƙasar Gana, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da Baba Inusa mai awon hatsi ya tako har ƙofarmu. Ku da kuke riƙe da irin wannan shago yanzu, gara ku ji labarin daga bakina, don laifin nawa ne.

A tsakiyar shekarun casa'in ne. Ni mutumin Yendi ne, Badagombe, karatuna bai wuce firamare ba. Mai shagon Alhaji Seidu ne, muna ce masa Masta. Ni kuma operata: ni nake kunna talabijin uku da na'urorinsu, in sa kaset, in hura shi idan ya ƙi kamawa, in tsara layi, in karɓe abin bugawa daga hannun wanda rayukansa suka ƙare. Masu zuwa galibi samari ne, yaran mota da masu koyon ɗinki da 'yan sakandare.

Wata rana Masta ya dawo daga bakin iyakar Togo da kaset ɗin ƙari. Ba sabon wasa ba ne. Ana ɗora tsohon kaset a kansa, sai ya buɗe sabbin wurare da sabbin abokan gaba. Takardar da ta zo da shi, babu mai iya karanta rubutunta a garin. Masta ya ce, "Fuseini, ka koyi halin dodannin nan, ka zana su a allo, ka rubuta yadda ake kashe kowanne. Mai wasan da aka kashe nan take ba ya dawowa shago gobe."

Kwana uku na yi ina koyonsu. Iri huɗu ne. Akwai masu fukafuki kamar jemage, uku-uku suke zuwa. Akwai ƙato mai ƙaho da gatari, ƙarfi gare shi amma ba ya juyawa da sauri, sai ka tsallake shi ka doke shi ta baya. Akwai mai fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ba zato. Na huɗun yana riƙe da garkuwa a bakin ƙofar ƙarshe, yana jan ƙafa ɗaya. Duk inda ka doke shi ba ya ji, sai a wannan ƙafar.

Da na gama zane, sai na ga suna bukatar sunaye. A nan na yi kuskure.

Tsakaninmu Dagombawa da Mosawa akwai wasa tun na kakanni. Muna ce musu jikoki, suna ce mana kakanni, kuma duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a fushi. Sai na ba mai ƙahon sunan Rasmane mahauci, abokina Bamoshe. Mai fitowa daga ƙasa na ce Bukari direba ne, don ba a ganinsa sai an sauke tukunya. Jemagun na ce 'yan kamashon tasha. Mai garkuwar kuwa na rubuta a ƙarƙashinsa: "Baba Inusa. A ƙafa ake dukansa."

Baba Inusa dattijo ne mai ɗingishi, yana awon gero da masara a kasuwa. Kullum na wuce ina jin yana yaren Mosawa da masu amalanken jaki, sai na ɗauka shi ma jikana ne. Ban taɓa tambaya ba. Ko gaisuwa mai tsawo ba ta taɓa haɗa mu ba.

Rasmane ya zo ya ga kansa da ƙaho, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kakana, wannan tumbin ai naka ka zana. Gobe in ka zo sayen nama, ƙashi zan ba ka." Ganin haka na ce ai na iya aiki. Shago ya cika, samari suna ta kururuwa, "Ga Baba Inusa nan, doki ƙafar."

Bayan mako biyu, ranar kasuwa, Rasmane ya dawo. Wannan karon babu dariya. Ya ce, "Kakana, ka yi ɓarna. Wa ya ce maka Baba Inusa namu ne? Mutumin Salaga ne, Bahaushe. A fataucin goro ya koyi yarenmu. Ƙafar nan kuwa mota ce ta kife da su a gangaren Gambaga, ƙaninsa a nan ya rasu. Jiya yana tsakiyar awo wani ya ɗaga murya ya ce a ƙafa ake dukansa, mutane suka yi dariya. Ya ajiye kwano ya tafi gida."

Masta yana zaune yana ji. Na ɗauko tsumma zan goge allon, ya ce, "Ajiye. Abin da ka rubuta a bainar jama'a ba za ka goge a ɓoye ba. Ya aiko cewa zai zo bayan la'asar. In ya kai ƙara gun Sarkin Zango, za a rufe shagon nan, kai kuma ka nemi motar Yendi." A lokacin matata tana da tsohon ciki, kuma ba ni da wata sana'a.

Bayan la'asar ya iso da sandarsa. Masta ya sallami samarin, amma suka taru a bakin taga. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya daɗe yana duban allon, sannan ya ce, "Kai ne mai zanen? Kunna mini in ga abin da idona."

Na buga har na kai ƙofar ƙarshe. Mai garkuwa ya fito yana jan ƙafa. Na ajiye abin bugawa, na kasa taɓa shi. Dodon ya tsaya, ni ma na tsaya.

Baba ya ce, "Me ya sa bai kawo maka hari ba?"

Na ce, "Baba, shi ba ya fara kai hari. Sai an matso ƙofar."

"To ƙofar ta wa ce?"

"Ta gidansu ce."

Ya juya ya dubi Masta. "Alhaji, ashe mai gadi ne a bakin aikinsa. Waɗannan naku da kuke bugawa da su, masu tsallake katanga, su ne ɓarayin." Wani a taga ya fara dariya, ya haɗiye ta.

Na ce, "Baba, na ɗauka kai abokin wasana ne. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ko da ni abokin wasanka ne, ɗana, wasa baki da baki ake yi, in ka faɗa mini in rama. Kai kuwa ka rubuta ka rataye, ka ba duk wanda ya wuce aron bakinka. A wurin wa zan rama?"

Ya miƙo mini tsumman da kansa. Na goge sunansa, na kai hannu zan goge zanen, ya tare ni da sanda. "Bar shi, yana da amfani ga masu wasa. Amma mai gadi ba ya zama babu suna. Wane ne yake tsaye a ƙofar nan kullum yana hana mutane wucewa?"

Daga taga aka ce, "Fuseini."

Na ɗauki alli na rubuta sunana da manyan baƙaƙe. Baba ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce wa Masta, "Magana ta ƙare a nan, ba sai ta je ko'ina ba." Da ya fita sai na zauna a ƙasa. Masta ya miƙo mini ruwa.

Washegari na bi layin hatsi rumfa-rumfa ina cewa ni na fara maganar, kuma ni na janye ta. Daga baya na goge sunan Bukari da na 'yan kamasho. Rasmane ne kaɗai ya hana a taɓa nasa, wai ƙahon ya yi masa kyau.

Abin da na koya shi ne, duk abin da operata ya faɗa a cikin shago, da yamma yana kasuwa. Kafin ka laƙa wa mutum suna, ka san ko shi wane ne, ka kuma faɗa a gabansa.

Da matata ta sauka, Baba Inusa ya aiko da tiya biyu ta gero. Ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa har yau in na ratsa tashar Bawku, sai wani mai furfura a gemu ya leƙo daga cikin mota ya ce, "Fuseini mai garkuwa, a ƙafa ake dukanka." In ɗaga masa hannu in ce na ji, sunan nawa ne.