Rabin Kilon da Ya Tsare Motar Alhaji

Har gobe ban manta da safiyar Litinin ɗin da Alhaji Buba ya shigo ofishinmu na unguwar Nyékonakpoè ko sallama bai ƙarasa ba. Dillalin albasa ne a Zongo, mu muka rubuta masa manhajar lissafin nauyin lodi. An tsare motarsa a ma'auni saboda kaya sun haura ƙa'ida, alhali manhajar ta ce daidai suke.

Lokacin shekarata ɗaya da fara aiki, ƙarƙashin Malam Isufu, shugaban sashenmu. A harshen kwamfutar da muke rubutu da shi, kowane bayani yana da nau'insa: cikakkiyar lamba ce, ko mai ɗigo, ko rubutu. Dokar Malam Isufu ita ce duk inda aka ɗauko bayani, sai an sake rubuta nau'insa da hannu.

Kafin azahar na gano matsalar. Da Alhaji ya sayi sabon sikeli, mun mayar da nauyin buhu lamba mai ɗigo a tushe, inda ake fara shigar da shi, amma a wurin haɗa jimilla tsohon nau'in yana nan. Buhu mai kilo casa'in da rabi sai ya koma casa'in. Rabin kilon nan ne ya taru a buhuna masu yawa har kaya suka haura ƙa'ida. Na'urar ba ta yi ƙorafi ba, abin da muka gaya mata ta yi.

Na ce wa Malam Isufu, wanda muke kira Shef, "Shef, mu faɗi nau'in sau ɗaya a tushe. Sauran wuraren mu sa kalmar auto, na'ura ta gano da kanta."

Ya ce, "Ramatu, gyara layin nan kawai. Auto aikin malalata ne."

"In na gyara wannan, saura nawa ke ɓoye? A ba ni kwana uku. In ban kawo hujja ba, na bi dokarka har na bar aikin nan."

Ya ce, "Alhamis."

Layin Alhaji na fara gyarawa, sannan na bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ina sa auto inda aka maimaita nau'i. Ban share komai da ka ba; inda nau'in ke taimakon mai karatu, na bar shi. Na samu wurare huɗu masu irin wannan cuta, ɗaya ma ni na rubuta shi.

Ranar Alhamis Malam Isufu ya karanta aikina a tsanake. Da ya iso kan nawa kuskuren ya ɗago kai.

"Har naki kika sa?"

"Ai shi ya fi ba ni haushi, Shef."

Da hannunsa ya sauya dokar a ranar.

Ku da kuka zo bayanmu, ku riƙe wannan: abin da kuka rubuta a wuri biyu, wata rana ɗaya za ku tuna ku gyara. In kuma za ku ja da babba, ku je masa da aikin a hannu, da naku laifin a ciki.